Riƙon Hanyar Fatu

Shekara talatin da ɗaya Malam Sabitu ya yi yana jan gingimari tsakanin Bauchi da Ikko, kuma ko da ya ajiye tuƙi ya koma noman dawa a Miri, bakinsa bai ajiye ba. Ka yi masa sannu da aiki, kafin ka ankara ya kai ka Mokwa. Ka ce yau ana rana, sai ya dube ka da tausayi, ya ce ai ba ka san rana ba tunda ba ka taɓa canjin taya a gangaren Jebba da azumi a bakinka ba. Mutanen unguwa sun saba da shi. Labarinsa ba ya gundurar mutum, illarsa ɗaya dai ba ya ƙarewa.

Matarsa Fatu kuwa iyakarta Jos, shi ma sau biyu, duk zuwa gaisuwar mutuwa. Amma in hanyar Ikko ce, ta san ta gari-gari, har ta fi wasu direbobin. Abin ya samo asali ne daga wata al'ada da ta gada wurin mahaifiyarta, wadda ita ma falke ta aura, mai bin jakuna. A gidansu riƙon hanya suke ce mata. Duk ranar da Malam Sabitu ya tashi da lodi, Fatu za ta raba wa maƙwabta sadakar masar shinkafa, ta yi alwala, ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗakinta, ta ɗauki carbi. Daga nan sai ta bi shi. Toro, Jos, Saminaka, Kaduna, Tegina, Mokwa, Jebba, Ilori, Badun, kowane gari ta kira sunansa ta roƙa masa tsari a cikinsa. Girki da wanki da kukan yara su kan tashe ta, amma da ta gama sai ta dawo ta ɗora daga inda ta tsaya. Ba ta zuwa biki, ba ta ƙunshi, ba ta naɗe tabarmar nan sai ta ƙiyasta ya isa. Ranar da take zaton ya juyo, ta sake shimfiɗawa.

Shi kuwa gogan naku tsokanarta yake yi. Ya kan ce in dai carbi ne ke tuƙa mota, to a kai ta a yi mata lasin. Amma bari in tona masa asiri: bai taɓa fita daga gidan nan ba sai ya faki ido ya leƙa madafa, ya tabbata an jiƙa shinkafar sadaka.

To ana nan, sai autarsu Rabi'atu, wadda ke aure a Ikko, ta samu cikin fari. An shirya za ta dawo gida wanka kamar yadda aka saba, har Fatu ta sa an tara itace a bayan ɗaki. Allah bai nufa ba. Haihuwa ta zo a wata na takwas, sai da aka yi mata aiki, aka samu 'ya mace 'yar ƙanƙanuwa amma lafiyayya. Likita ya ce batun doguwar tafiya ma bai taso ba. Tunda yarinya ba za ta zo ba, dole uwa ta je.

Ranar Litinin mijinta Mansir ya bugo waya. Yaro ne mai ladabi, yana aiki a tashar jiragen ruwa. Bayan doguwar gaisuwa ya ce ya yanka wa Inna tikitin jirgi na ranar Laraba, daga Bauchi kai tsaye zuwa Ikko.

"Awa ɗaya da minti ashirin ne kawai, Baba," in ji shi.

Malam Sabitu ya ce ya maimaita. Ya maimaita. Sai ya tambaye shi nisan wurin nawa ne a wajensu masu jirgi, Mansir ya ce kilomita ɗari takwas da 'yan kai. Nan fa tsohon ya gyara riƙon waya. Ya ce hanyar da ya auna da tayoyinsa sau ba adadi, agogon motarsa bai taɓa nuna ƙasa da dubu ɗaya da ɗari ɗaya ba, to sauran ɗari ukun wa ya kwashe? Mansir ya yi ta bayani a hankali, cewa jirgi ba ya shan kwana, ba ya zagaya dutse, ba ya neman gada, miƙewa yake yi sak. Malam Sabitu ya ce, "To, to, madalla." Suruki ne, ba a ja-in-ja da suruki.

Sai da ya kashe wayar ya je ya sauke abin da ke cikinsa a kunnen Toma. Toma tsohon makanikensa ne, sa'ansa, gonarsu iyaka ɗaya. Shekara da shekaru suna tare, ranar Juma'a Toma ya tsare mota, ranar Lahadi Sabitu ya tsare. Malam Sabitu ya ce masa shi ya girma a tasha, ya san maganar tasha. Ɗan kamasho ya ce saura mutum ɗaya, to saura bakwai. Direba ya ce awa biyu, ka ninka sau uku sannan ka yi guzuri. Tashar sama ma ai tasha ce, mutane ne ke cikinta, kuma wanda ya rage maka nisa zai rage maka lokaci. Banda haka, wane direba mai hankali ne zai ɗauki rayuka ya yi wannan uwar tafiya bai tsaya ya sha mai ya duba ƙafafu ba? Ko a Abuja sai sun ɗan sauka. A taƙaice dai, awa huɗu, in an yi gudu.

Toma ya ce 'yarsa Dorothy ta taɓa hawa, kuma ta ce kafin ta gama gyara zama an iso. Malam Sabitu ya ce yaran yanzu da mota ta motsa suke barci, ina za su san tsawon hanya? Toma bai ƙara ba. Ya san mutuminsa, in ya kafe ko injin da ya buga ya fi shi sauƙin tayarwa.

Fatu kuwa ba ta shiga wannan gardama ba. Ta yi ta haɗa kayan jego, kanwa da yaji da gero da daddawa da kuka, tana ɗaurewa tana kwancewa, don an ce akwai iyakar nauyin da ake yarda da shi. Bakinta ya mutu tun ranar Litinin. Ranar Talata bayan la'asar Malam Sabitu ya dawo daga gona ya same ta zaune a bakin ƙofar ɗakinta, tabarmar nan naɗe a kan cinyarta. Ya buɗe baki zai ce Hajiya ta jirgi, sai ta riga shi magana.

"Malam," ta ce, ba ta ɗago ba, "ni wa zai riƙe mini hanya?"

Ya fasa wasan. Shekara arba'in da aure, matar nan ba ta taɓa roƙonsa wani abu don kanta ba, sai yau. Tsoro take ji, tsoro na gaske, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa sai shi. Tausayinta ya kama shi, kunya ta biyo baya, don shi bai ma kawo wannan a ransa ba.

"Ni zan riƙe," ya ce.

Ta ɗago ta dube shi. Ta tambaye shi ko ya san yadda ake yi. Zai ce ya sani, sai ya tuna ashe bai taɓa gani ba ko sau ɗaya, don duk lokacin da ake yi shi ba ya nan. Haka ya zauna a kan turmi kamar ɗan makaranta, ta yi masa dalla-dalla. Sadaka tukuna, sannan alwala, sannan tabarma. In ya zauna kada ya tashi sai ta sauka. Ta ce damuwarta ɗaya, ba ta san sunayen garuruwan sama ba. Ya ce wannan mai sauƙi ne, na ƙasa zai riƙa kira, ai ta kansu za a bi.

Ta ce bari ta jiƙa shinkafa, ya hana ta. Ya ce ta gaji, shi zai sayo masar a kasuwar Wunti, mai zafi, wadda ta amsa sunanta. Ta ce to ya zauna a gida kawai, wani ya raka ta filin jirgi, don da an tashi ya fara. Nan ne ya ƙi ƙememe. Shi da ake rakawa shekara talatin da ɗaya, yau sau ɗaya ta zo kansa sai ya zauna a gida kamar gyauro? Sai ya ga jirgin da idonsa. Kuma lokaci akwai shi, har da rara. Fatu ta yarda, don a kan maganar hanya ba ta taɓa shakkar mijinta ba.

Ranar Laraba da hantsi suka ɗauki shatar mota zuwa Durum, inda filin jirgin yake, can kan hanyar Ningi. Toma ya bi su a baya da tsohon babur ɗinsa don ya dawo da shi. A filin, Malam Sabitu ya zama shi ne mai bayani. Ya tsaya a kan masu awon kaya yana duba ma'auni. Ya gaya wa Fatu ta nemi kujerar tsakiya, kada ta yarda a zaunar da ita saitin taya. Ya tare wani ma'aikaci ya tambaye shi direban jirgin dattijo ne ko yaro, ma'aikacin ya yi murmushi ya ce dattijo ne, Baba, har da furfura. Ko ya sani ko bai sani ba, oho, amma tsohon ya ji daɗi.

A bakin ƙofar da ba a barin mai rakiya ya wuce, suka tsaya. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, a gaida mai jego, a shafa masa kan amaryarsa. Ta ce amin. Ta yi taku uku ta waiwayo, ta ɗaga hannu ta motsa yatsu kamar mai jan carbi. Ya gyaɗa kai da ƙarfi, har hularsa ta karkace.

Shi da Toma suka koma waje suka samu inuwa suka jira. Ƙarfe sha ɗaya da minti goma jirgin ya taso a guje, ya ɗaga hanci, ya rabu da ƙasa. Malam Sabitu ya ɗaga kai sama. Ya bi shi da kallo har ya zama ɗan ɗigo ya ɓace ta yamma, Fatu na ciki, Fatun da ko tsani ba ta hawa. Toma ya buga babur ya ce su yi sauri. Malam Sabitu ya dubi agogonsa ya ce sauri na me, sai wajen la'asar za su sauka.

A yi masa adalci, ba sakaci ba ne ya ja shi. So yake ya yi abin ya yi kyau, yadda in ta dawo maƙwabta za su ba ta labari. Da suka iso Wunti, akwai masu masa birjik, amma shi wurin mace ɗaya ya yarda, wadda ya ce ita ce ba ta ha'inci a shinkafa. Suka tarar ta safe ta ƙare, sai ragowa mai sanyi. Ya ce ba zai yi wa Fatu sadaka da ragowa ba. Matar ta ce ya ɗan jira ta ɗora tanda. Ya jira. Ya tsaya a kanta yana cewa wannan ba ta soyu ba, waccan ta ƙone a gefe, har sai da ta ce Baba ko kai za ka karɓi cokalin?

An ƙulle masa ita a leda ke nan, sai ga kira daga rumfar mai shayi. Tsofaffin abokan tuƙinsa ne su uku, irin waɗanda suka ajiye sitiyari suka kama benci. Ina zai wuce bai gaisa ba? Kuma in ya gaisa, ina zai iya riƙe labarin? Ya ce musu yanzu haka da suke zaune, iyalinsa na sama. Aka yi barka, aka yi addu'a, sai gardama ta tashi a kan ko jirgi na bi ta saman gadar Jebba ko ta Lokoja yake yankewa. Malam Sabitu ya ajiye leda ya fara zana hanya a ƙasa da tsinke. Toma na kan babur yana ta nuna masa wuyan hannu.

"Sabitu, ka yi alkawari fa," ya ce.

"Na sani. Sha biyu da kwata yanzu. Ko Kaduna ba su kai ba."

Da ƙyar dai aka rabu. Suka kama hanyar Jos, babur ɗin Toma na tari yana tafiya, shi kuma yana baya rungume da leda, zafin masa na ratsa masa riga. A ransa yana tsara komai: gidan Malam Abdulsalam liman za a fara kai wa, sai gidan Toma, sai na gwauruwar da ke bayansu. Ya yi alwala, ya zauna, ya samu awa biyu da rabi cur a kan tabarma. Har yana jin daɗin kansa.

Sun sauka daga kwalta sun kama 'yar hanyar da ke shiga unguwarsu, har ana hango kan dawarsa, sai waya ta yi ƙara a aljihunsa. Ya zaro ya duba. Sunan Fatu ne.

Mansir ya faɗa musu a jirgi kashe waya ake yi, ba a kunnawa sai an sauka. In har ta kira yanzu, to an sauka ke nan a inda bai kamata ba. A duniyar da ya sani, motar da ta tsaya kafin lokacinta lalacewa ta yi, kuma abin da ya lalace a sama ba shi da gefen titi. Bai jira Toma ya gama tsayawa ba ya diro, har ya kusa kifawa. Ya kai wayar kunne da salati a bakinsa.

Kafin ma ta yi magana ya ji abin da ke bayanta. Hon na motoci ba ƙaƙƙautawa, wani na ƙwala kira da Yarbanci, hayaniyar da ba ta da na biyu. Ya san wannan ƙarar kamar yadda ya san tarin Toma. Ikko ce.

"Malam, mun sauka lafiya. Ga Mansir nan ya karɓi kayan."

Ya dubi agogo. Ɗaya saura minti ashirin. Ya sake dubawa, ya kai shi kunne ko ya tsaya. Yana aiki sarai.

Fatu kuwa baki ya buɗe, muryarta wasai kamar ba ita ce ta kwana biyu ba ta magana ba. Ta ce an ba su lemo da ɗan biredi, ba ta ma gama ci ba aka ce a shirya za a sauka. Ta ce ta leƙa taga ta ga gajimare a ƙasa, ita a sama, ikon Allah. Sannan muryarta ta sauka. Ta ce a tsakiyar tafiya jirgin ya kama girgiza kamar mota a kan gargada, ya yi ƙasa ya yi sama, wata mata Bayarabiya da ke kusa da ita ta fashe da kuka, ita ma ta ji ranta zai fita.

"Sai na ce wa kaina, Malam na kan tabarma. Wallahi nan take hankalina ya kwanta. Har na kama hannun matar na ce mata kada ta damu, akwai mai riƙe mana hanya. Na gode, Malam. Allah ya saka."

Malam Sabitu na tsaye a bakin hanya, waya a hannu ɗaya, leda a ɗaya, mai ya fara tsatso masa a yatsu. Toma ya ji komai, don wayar tsohon da ƙarfi take magana, sai ya sunkuya yana duba sarƙar babur da babu abin da ya same ta. Kalma biyu kawai ake bukata a nan. Ya ce ba komai, shi ke nan, magana ta wuce, Fatu ta ci gaba da murnarta, kuma Toma ba zai taɓa faɗa ba. Tsohon nan ya sha ƙara wa labari gishiri, ya sha mayar da kura ɗaya kuraye biyar. Amma wannan godiyar ba tasa ba ce, kuma ya ji in ya karɓe ta ba zai ƙara iya haɗa ido da matarsa ba.

"Fatu," ya ce, "ban kai gida ba."

Ta ce ba ta ji ba. Ya maimaita. Ya faɗa mata duka, bai rage ba: jiran tanda, rumfar mai shayi, zanen hanya da tsinke, da lissafinsa na awa huɗu. Ya ce lokacin da jirgin ke girgiza da ita, shi yana Wunti yana gardamar gadar Jebba. Ko alwala bai yi ba. Sau ɗaya ta roƙe shi abu, ya ce ya ɗauka, ga shi ya zubar. Yana faɗa muryarsa na karyewa, shi da ba a taɓa jin ya rasa ta cewa ba.

Shiru ya biyo baya, sai hon ɗin Ikko. Ya gwammace ta yi faɗa. Ya gwammace ta kashe wayar. Shirun nan ya fi masa komai ciwo, don ya san tana can tana mayar da abin da ya faru a sama, tana gane ashe ita kaɗai ce.

Da ta yi magana, tambayarsa ta yi ko ya tuna shekarar da aka haifi Rabi'atu, tafiyar da ya yi da lodin gyaɗa. Ya ce ya tuna. Ta ce kwana uku ta yi tana bin sa, ta ƙetarar da shi Jebba, ta shigar da shi Ilori, ta sauke shi Ikko ta naɗe tabarma. Sai daga baya matar Toma ta gaya mata ashe duk kwana ukun nan yana Toro, inji ya buga, shi da Toma suna ƙarƙashin mota, kunya ta hana shi aiko da labari. Toma ya ƙara sunkuyawa a kan sarƙarsa. Ta ce akwai kuma lokacin da ta ɗauka ya isa, har ta ƙunsa lalle, ashe a daidai ranar ce tayarsa ta fashe a gangare, Allah ya tsare.

"Ka taɓa jin na san inda kake? Ban taɓa sani ba, Malam. Ban taɓa dacewa da motarka ba ko sau ɗaya. Ni dai zama nake yi. Wanda nake roƙo shi ya san inda kake, kuma bai taɓa tambayata ƙarfe nawa ba."

Malam Sabitu ya dubi ledar da ke hannunsa. Sai ta tambaye shi:

"Masar da zafinta?"

"Da zafinta."

"To je ka raba kafin ta huce. Ka yi alwala ka zauna."

"Ai kin riga kin sauka, Fatu."

"Na sauka. Kai ne ba ka zauna ba."

Ta ce Mansir na jira, za su wuce asibiti, sai an jima. Wayar ta mutu.

Bai koma kan babur ba, da ƙafa ya ƙarasa. Ya bi gida-gida ya raba sadakar da hannunsa, kuma a karon farko a tarihin Miri, ya shiga gidaje biyar ya fito bai ba da labari ko ɗaya ba. Matar liman har ta bi shi da kallo ta tambayi Toma ko lafiya. Ya yi azahar a masallaci, ya dawo gida ya sake alwala. Ya ɗauko tabarmar inda ta jingine ta, ya shimfiɗa a bakin ƙofar ɗakinta. Ya kwance agogonsa ya ajiye a gefe. Awa ɗaya da minti ashirin ta yi a sama, awa ɗaya da minti ashirin zai zauna, ba zai rage ko daƙiƙa ba.

Ya ɗauki carbi ya fara. Gidan ya yi tsit, ba daka, ba motsin kwano, sai kaji da ke tono a gindin rumbu. Daga inda yake zaune ba a ganin komai sai bangon zaure da 'yar ƙofa, amma ana jin titi. Bai taɓa lura ba. Duk babbar motar da ta wuce a hanyar Jos, ƙararta na shigowa har nan, ta taso, ta cika kunne, ta yi nisa ta ɓace. Ya ji wata ta taka birki da ƙarfi, sai ya kasa kunne yana jiran abin da zai biyo baya, alhali ba shi da kowa a cikinta.

Ya bi garuruwan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, bai tsallake ko ɗaya ba. A kowanne ya roƙa mata tsari, ya haɗa da mai jego da jaririya, har da Bayarabiyar da bai san sunanta ba. Gwiwarsa ta fara ciwo. Bayansa ya ƙage. Tunani iri-iri suka riƙa zuwa masa, marasa daɗi, irin waɗanda ba sa samun mutum in yana riƙe da sitiyari: in da girgizar nan ta fi haka fa, in da wayar nan wani ne ya bugo ba ita ba fa. Ya kore su, suka dawo. Ya daure har ya kai ta Badun, ya shigar da ita Ikko, ya shafa. Ya sauke numfashi, ya tabbata a ransa awa ɗaya ta wuce, saura 'yan mintoci. Ya jawo agogo ya duba.

Minti goma sha ɗaya.

Ya daɗe yana kallon agogon. Kwana biyu da rabi zuwa, kwana biyu da rabi dawowa, shekara talatin da ɗaya, a nan wurin, da wannan bangon a gabanta da wannan titin a kunnenta, ba waya, ba labari, ga goyo a baya. Shi kuma ya dawo da tsarabar biredi yana cewa a yi mata lasin. Hawaye suka zubo masa har gemu, bai share ba, ba kowa a gidan da zai ji wa kunya. Bai taɓa son Fatu kamar yadda ya so ta a wannan zaman ba.

Ya kife agogon a kan tabarma, ya ja carbinsa ya ci gaba.